Matar da ke Ƙarƙashin Tsatsa

A Tabursuk, duk manomin da garmarsa ta tono kwabon Rumawa ya san inda zai kai shi: hannun Si Belgasim mai raba wasiƙu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana hawa da gangara a kan babur tsakanin gonakin zaitun. Ya miƙa wa mutum takardarsa, mutum ya zura hannu a aljihu ya ce, "Ungo, ga irin tarkacen nan naka." Ƙananan kwabban tagulla ne, wasu ba su fi ƙumba ba, ƙasa da tsatsa sun rufe su ruf. Babu mai saye, babu mai so. Shi kuwa hannu biyu yake sawa ya karɓa, sai ka ce an ba shi rago.

Matarsa Manjiya ita ta san wahalar abin. Kwabon da ya yi shekara dubu da ɗari bakwai a ƙasa ba a wanke shi da sabulu. A man zaitun ake jiƙa shi wata da watanni har ɓawon ya yi laushi, sannan a bi shi da tsinken itace sannu sannu. To man wa? Man Manjiya mana, na tatsar farko, wanda take ɓoyewa don baƙi. Kwalabe sun cika tagar ɗakin, kowace da 'yar takarda manne a jiki.

"Mutane na cin nasu da burodi," takan ce, "mu muna shayar da matattun sarakuna."

"Sarakuna ba sa cin na tatsa ta biyu, baiwar Allah," yakan amsa, ko kai bai ɗaga ba.

Amma mita kawai take yi daga nesa, ba ta taɓa su, kuma da dalili. Shekarar farko da aurensu, ana gobe Sallar layya, ta fito da tire da butar tagulla ta goge su da lemun tsami da gishiri, yadda uwarta ta koya mata. Sai ta ga kwabbai goma sha tara a faranti, baƙi ƙirin. Amarya ce, tana son ta burge. Ta zuba su cikin ruwan lemun, ta dirje su tas. Suka fito jajir suna ƙyalli, fuska ta narke, rubutu ya tafi. Da Belgasim ya dawo bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Jera su ya yi a tafin hannu ya ce, "Zanen a cikin baƙar fatar nan yake zaune. Kin feɗe su." Tun daga ranar, ko shara take yi sai ta kewaye teburinsa.

Haka suka tsufa. Ya yi ritaya, babur ya ruɓe a zaure, kwabbai suka haura ɗari shida. Yakan ɗauki ɗaya, ya kara gilashin dubawa, ya karanta 'yan haruffan da ke ƙasa ya ce wannan a Antakiya aka buga shi, wannan a Iskandariyya, wannan a Roma. Abu ɗaya ne ke cinsa a rai. "Duka baƙi ne, Manjiya. An yi maƙera a nan Kartaj, a ƙasarmu, shekara goma sha wani abu kacal ta yi aka rufe. Mace suke bugawa a baya, a tsaye, da 'ya'yan itace a hannu biyu. A littafi kawai na san ta."

Da wata kaka wani mai tarakta ya kawo masa kwabo babba, faɗin kwabon dinari na yanzu, ɓawonsa kamar ƙanzon tukunya. Wata goma sha huɗu ya yi a mai kafin ya fara sakewa. Da Belgasim ya bi gefen ƙasa da tsinke, sai ga lafin doguwar riga da 'yan yatsun ƙafa. Mace ce. Sai dai akwai wata macen da Roma ke bugawa, mai riƙe da sikeli, yana da irinta har biyu. Hannun ne zai raba gardama, hannun kuwa yana can ƙarƙashin ɓawo mafi kauri.

A wannan watan ne likitan ido na garin Baja ya gaya musu gaskiya. Ciwon suga ya cinye idon hagu, na dama ma yana kan hanya. Wata uku, in an yi sa'a huɗu. A motar dawowa Belgasim bai yi maganar makanta ba ko sau ɗaya. Da suka kusa gida ne ya ce, "Ina so in gan ta da idona. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Ya duƙufa. Amma idon da ke gani rabi ba ya iya jan hannu. Wata safiya Manjiya na tankaɗe a tsakar gida ta ji ya yi wani irin nishi. Ta leƙa. Tsinken ya zame masa ya ja layi a ɗaya gefen, a wuyan sarkin da ke gaban kwabon, jan ƙarfe ya bayyana siriri kamar zare. Ya ajiye tsinken.

"Manjiya, tsinko min lemun tsami biyu."

Ta ɗauka shayi yake so.

"Ki matse a kofi, ki sa gishiri. Kafin azahar ɓawon zai faɗi."

Ta ajiye rariya. "Si Belgasim, ka san abin da kake faɗa?"

"Na fi kowa sani. Zan gan ta yini ɗaya, ko rabin yini, kafin ta lalace. Ya ishe ni."

"Ba zan kawo ba."

"Kwabona ne."

"Man nawa ne, wata goma sha huɗu tana sha. Ba za ka feɗe ta a gidan nan ba."

Ya juyo da idon nan guda yana nemanta. "Ke ce yau kike gaya min haka? Ke?"

"Ni ɗin dai. Wa ya fi ni sanin yadda suke fitowa?"

Maganar ta yi masa zafi, ita ma ta yi mata. Ya tashi yana laluben bango ya nufi bishiyar lemun da ke tsakar gida. Tsohuwa ta riga shi. Ta ɗauki kwalbar da kwabon ta cusa a ƙirjin rigarta, ta jawo kwando, ta hau kan turmi, ta bi bishiyar nan reshe reshe ta tsinke ta ƙarƙaf, har ɗanyun da ba su nuna ba. Ta ɗora a ka ta kai gidan maƙwabciyarsu Burniya. Da ta dawo ta tuna da kwalbar khal, ruwan tsamin nan da ke kicin, ta tuttule shi a magudana.

"Kin haukace," in ji shi.

"Na ji. Koya min."

"Me?"

"Tsinken nan. Idona lafiya lau, har yanzu ina zura zare a allura ba tabarau. Kai ka san aikin, ni ina gani. Koya min, in fito maka da ita da fatarta kafin idon ya rufe."

Kwana biyu yana fushi, ko kuskus ɗinta bai ci da daɗi ba. A na uku ya turo mata wani gwangwani cike da ƙananan kwabbai. "Waɗannan na soja mai soke mahayin doki ne, ina da su fiye da ɗari biyu. Ɓata goma tukuna, sannan mu yi magana."

Bakwai ta ɓata. Suka mai da kan soro wurin aiki, saboda nan hasken safe ya fi faɗowa. Ita ta zauna a kan buzu da faranti a cinya, da tsinken da ta fiƙe daga reshen zaitun, shi yana gefe a kujera ya karkato kunne. Abin da ya ba ta mamaki, da kunne yake binta. Ɓawo yana da ƙararsa, fatar kwabo tana da tata.

"Kin danna da yawa."

"Ban danna ba."

"Na ji. Ba kankarar tukunya kike yi ba. Ki tura daga gefe, ki bar shi ya faɗi da kansa."

"Shekara arba'in ban san bakinka na da tsawo haka ba."

"Shekara arba'in ba ki tambaye ni ba."

Ranar da ta fito da wani soja ɗungurungum, da mashinsa da dokin da ya durƙusa, ba ƙwarzane ko ɗaya, ya kara gilashi ya daɗe yana juya shi a rana. Bai yabe ta ba, shi ba mutumin yabo ba ne. Cewa ya yi, "Ɗauko babban."

Daga nan Manjiya ta zama wata iri. Da ta idar da sallar asuba ta ɗora shayi, rana na leƙowa tana kan soro. Sa'a biyu take yi, wani lokaci abin da za ta cire bai kai ƙwayar gero ba. Wuya ya riƙe, yatsu su sage, ta mayar da kwabon cikin mai sai gobe. Lokacin tsinkar zaitun ya zo, karo na farko a rayuwarta ba ta je gonar 'yan'uwanta ba. An yi suna a unguwa ta aika da gaisuwa.

Burniya ta leƙo ta kan katangar soro wata safiya tana shanya barkono. "Hajja Manjiya, wai me kike tsinta a farantin nan kullum? Ƙwarƙwata?"

"Mace nake tonowa."

"Allah ya kyauta. Shi ya fara, ke kika kamu. Lemunki kuwa na zuba musu gishiri, tulu biyu suka cika. In aiko miki da ɗaya?"

"Ki riƙe har sai na tambaya."

"Ki jefa shi a ruwan lemun mana ki huta. Butata jiya na yi mata, har fuskata nake gani a ciki."

"Ki ci gaba da kallon fuskarki, Burniya, ki bar ni da tawa."

Kowace safiya in ta gama, sai ta goge kwabon da auduga ta sa masa a hannu, ta daidaita masa gilashi. Rigar ta fito har gwiwa, ya gani. Ta fito har ƙugu, ya gani, amma sai da ya karkata kai yana leƙe da gefen ido kamar kaza. Manjiya ta lura. Tsoro take ji sosai, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, don shi ne mutumin da ta saba gaya wa komai. Wani lokaci tana cikin aiki sai zuciyarta ta ce, in idon ya rufe kafin ki gama fa? Ke kika hana shi. Sai ta cije leɓe ta ci gaba da tura tsinke.

A mako na tara ta isa kafaɗa. Daga nan sai hannu. Ɓawon wurin ya yi tauri kamar dutse, tsinke biyu suka karye a kai. Ta fiƙe na uku ta danna, sai wata ƙara ta fito, ƙas.

"Tsaya," in ji Belgasim.

"Ai saura ƙiris."

"Bai nuna ba. In kika tilasta shi, zai tashi da fatar, ya tafi da yatsunta. Mai da shi cikin mai. Sabon mai, ki ajiye kwalbar inda rana ke bugu. Kwana goma sha biyu."

"Sha biyu? Idonka fa?"

"Idona na nan."

"Likita ya ce wata uku. Mun ci biyu da ɗoriya."

"Likita bai san kwabo ba. Ke kika ce da fatarta za ki fito min da ita. Ko kin fasa?"

Ba ta fasa ba. Ta ɗebo mai daga tulun baƙi ba tare da mita ba, ta zuba, ta rufe.

Kwanakin nan sha biyu sun fi mata duk sauran tsawo. Kullum da safe sai ta tambaye shi, "Yaya idon?" Ya ce, "Da sauƙi." Ta ɗaga yatsu ta ce nawa, ya ce ita ba likita ba ce, ta bar shi ya sha shayinsa. Ran nan ya tsiyaya shayin a gefen kofi, ya ce hannunsa ne ya yi rawa. Ta yarda, domin tana son ta yarda. A kwana na takwas ta ɗauko kwalbar ta ce bari ta gwada kaɗan. Ya ji ƙarar murfi daga inda yake.

"Ajiye, baiwar Allah. Sha biyu na ce."

Ranar da suka cika ta riga rana hawa soro. Ta ciro kwabon, ta tsane shi, ta yi bisimilla. Ta sa bakin tsinke a gefen ɓawon ta tura yadda ya koya mata. Bai motsa ba. Ta sake daga wani gefen. Sai ga shi ya ɗago gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai, ya faɗo a faranti. A ƙarƙashinsa fata ce baƙa mai ɗan kore, sumul. Hannu ya miƙe, yatsu a dunƙule. Ta matso da gilashi tana neman sandar sikeli. Babu sanda. Wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne ke reto daga hannun, kamar zangarniyar dabino. Ta koma ɗaya hannun, ta yi kusan sa'a guda a kansa, gumi na bin bayanta duk da sanyin safiya. Nan ma 'ya'yan itace ne.

"Kin yi shiru," in ji shi.

"Si Belgasim," ta ce, "babu sikeli."

Ya miƙo hannu. Ta goge kwabon, ta sa masa a tafi, ta ba shi gilashi, ta juya kujerarsa yadda rana za ta faɗo daidai. Ya laluba kwabon da yatsu, ya ɗaga shi kusa da fuska, ya kara gilashin. Ya yi murmushi irin wanda ta daɗe ba ta gani ba.

"Ga ta nan kuwa," ya ce. "Dubi tsayuwarta. Dubi rigar. Kin yi aiki, Manjiya, ko ƙwarzane babu."

Ta matso don su kalla tare. Sai ta ga yadda ya riƙe shi. Kan matar na ƙasa, ƙafafunta na sama. Gilashin ma ba a kan kwabon yake ba, a kan babban yatsansa yake.

Ta so ta yi shiru ta bar shi da ƙaryarsa, amma ba ta taɓa iya wannan ba.

"Ka riƙe ta kai a ƙasa."

Murmushin ya tsaya. Ya sauke gilashin a hankali ya ɗora a cinya.

"Yaushe?" ta ce.

"Kwana na huɗu da mayar da ita cikin mai. Na tashi na ga haske kawai, ba siffa."

"Ka san zai tafi lokacin da ka ce sha biyu?"

"Na ji alama."

"Kuma ka ce in rufe kwalba. Kullum ina tambayarka kana ce min da sauƙi." Hawaye ya ƙwace mata, fushi da baƙin ciki suka haɗu har ba ta san wanne ya fi ba. "Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Da na faɗa, da a ranar kin ciro ta kin danna. Na san ki."

Gaskiya ya faɗa, da ta danna. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. "Ni na hana ka ganinta," ta ce. "Abu ɗaya ka roƙa, na hana ka."

"Ranar farko ke kika hana. Na biyun ni na hana kaina, kuma ba wanda ya sa ni." Ya laluba ya sami kafaɗarta. "Tashi, ba kuka na hau soro in ji ba. Juya min ita daidai."

Ta kama yatsunsa ta juya kwabon a cikinsu har kan matar ya koma sama. Ta karɓi gilashin. Sai da ta share ido da gefen mayafi sau biyu kafin ta iya ganin komai.

"Tana tsaye," ta fara, "hannu biyu a buɗe, na dama akwai wasu..."

"A hankali," ya ce, ya gyara zama ya jingina. "Daga kai za ki fara. Me ta ɗaura, ina ta juya fuska, kada ki tsallake komai. Yanzu ba abin da ke korarmu."